Sikeli a Garejin Nambewe

A garejin Nambewe, can gefen Durban,
mun tura mota waje, buhuna suka gaje wurinta.
Littafi na hannuna, Tiyamike na kan sikeli.
Garin masara, kilo goma. Wake, huɗu da rabi.
Wani tsoho mai gadi ya miƙo ƙullin gishiri,
ya ce, "Rubuta. Kada su ci baƙin ciki lami."
Na rubuta.

Can gida Malawi, kogin Shire ya lashe gonaki tun suna kore,
ya bar wa mutane laka da sauro.
Ruwa har wuya, tukunya a kife.
Ƙanwata ta kira daga rufin makaranta:
kwana uku ke nan, saiwar bado suke tafasawa.

Direba ya ce iyaka uku ke gabanmu,
kowace da hatiminta, kowace da nawarta.
Ita yunwa ba a tambayar ta fasfo,
ta riga mu sauka.

Dare ya raba, zaren ɗinki ya ƙare.
Tiyamike ta durƙusa kan siminti
tana tsince waken da ya zube,
ɗaya-ɗaya,
ta hure ƙasa, ta mayar cikin buhu.