Buhun Gero Ba Buhun Hatsi Ba Ne

Ƙarfe ɗayan dare a Zango
kuran ya dawo, fanka ta yi tari ta tashi.
Na buɗe kwamfuta bisa tabarma
ina rubuta wa Kawu Lawali
lissafin sitonsa na Kasuwar Dole.

Na ce wa injin: ga Sito.
Cikin Sito akwai Buhu,
cikin Buhu akwai abin da ban faɗa ba tukuna.
Na bar masa gurbi, harafi guda,
kamar jaririn da bai kai kwana bakwai ba.

Sito na Buhu na Gero:
baka cikin baka cikin baka,
irin ƙoren Inna Cima,
babbar ta haɗiye 'yar tsakiya,
'yar tsakiya ta haɗiye ludayi.

Sai na gina aiki ɗaya, na raɗa masa Auna.
Suna guda, ƙofa uku.
In gero ne, tiya.
In man gyaɗa ne, kwalba.
In goro ne, a ƙirga.
Injin ke duban fuskar baƙo
ya tura shi ƙofar da ta fi kama da shi,
kamar ɗan kamashon tashar Tanut
da ke gane motarka tun daga ƙullin kayanka.

Na kai masa buhun gero
ƙofar da na rubuta wa Buhun Hatsi.
Ya amsa da jan rubutu: babu hanya.

Haba!
Gero ba hatsi ba ne?
Hatsi ne, in ji shi.
To, buhunsa fa?
Babu hanya.

Shayi ya huce. Zakaran Birni ya yi cara.

Da hantsi na kai ƙara rumfar Kawu.
Bai ɗaga kai daga basillarsa ba.
Ya ce, “Sahiya, injinki ɗan kasuwa ne.
Buhun hatsi, kowa na iya zuba masa dawa,
ko maiwa, ko sharar masussuka,
ba wanda zai ce an yi ƙarya.
Amma in na ce gero,
mutum ya ɗora wa raƙumi har Agadas
bai kwance bakin ba.”
Ya ciji zare, ya tofar.

Na koma gida na sake ƙofar:
buhun wani abu,
muddin abin ɗan gidan Hatsi ne.
Na manta da Sito, ya sake ja mini layi.
Ashe sharaɗin sai an bi shi ɗaki ɗaki
har ƙuryar ciki.

Bayan la'asar ya wuce sumul,
tiya dubu huɗu da goma sha bakwai.

Kawu ya leƙa allon, ya gyaɗa kai,
ya sosa ƙeya ƙarƙashin hula.
“To, bashin da nake bin Ɗan Jimo tun bara waccan,
shi a wane buhu kika sa shi?”