Ƙofa Daidai Ƙaho

Injiniya Folarin ya shimfiɗa takarda
a kan bonet ɗin motarsa, gefen titin Agege,
ya danne nan da dutse, can da waya,
iska na neman kwashe mana asibiti
tun ba a aza bulo ɗaya ba.

Ya ce, "Dakta Suwaiba, ga ɗakin fiɗa,
ga na hoton ƙashi, ga na gwajin jini."
Na ce, "Majinyatana ba sa karanta allo,
ba sa nuna inda ke yi musu ciwo.
Hanci suke bi, da kunne, da tsoro.
Raba mini zauren kare da na kyanwa,
kada mai jinya ya haɗa ido da mai farautarsa."

Muka tona. Taku huɗu, ruwa ya yi sallama.
Ƙasar Ikko ke nan:
ka roƙe ta tushe, ta ba ka rijiya.
Muka ɗaga gini sama da gwiwar damina,
kuɗin fenti ya tafi a yashi da rodi,
kuɗin kujeru ya bi kwalbati.

Na'urar hoto ta yi wata biyar a Apapa
tana jiran sa hannun wani da ya tafi hutu.
Ran da ta iso, an ɗauke wuta.
Na zauna ina kallon ta cikin leda,
baƙuwar da ba a tanadar wa ko ruwa ba.
Shi ya sa rufinmu ya sha farantan sola,
don allurar rigakafi ba ta jin uzurin janareta:
firji ya yi zufa, ta mutu.

Sai Baba ya zo, wata Asabar,
shi da ya yi shekara arba'in a karar Oko-Oba
yana sauke shanu daga tirela.
Bai kalli tebur mai hawa da sauka ba,
bai kalli fitilar da na ci bashi a kanta ba.
Buta ya ɗauka, ya tsiyaya ruwa a tayil,
ya ɗora ƙafa, ya zame, ya dafa bango.
"Wannan daɓen na masu ƙafa biyu ne.
Kofato fa?"

Ya ware hannuwa a bakin ƙofa.
"Ƙahon rahaji ya fi nan faɗi.
Kuma saniya ba ta shiga duhu,
ba ta son kwana mai kaifi.
Lanƙwasa mata hanya kamar lauje,
ba sai an murɗe mata wutsiya ba."

Folarin ya zaro fensir daga bayan kunne.
Digiri biyu muka tsaya, bakinmu alaikum.
Aka ɓamɓare tayil, aka fasa ƙofa,
aka huda bango don rana ta leƙo.

Ina 'yar shekara tara
wani bijimi ya zame daga tirelar Baba,
ƙafar baya ta karye, ƙarar na kunnena har gobe.
Ya daɗe yana shafa masa goshi
kafin ya kira mahauci.
A daren bai taɓa tuwo ba.
Ba mu taɓa maganar ba.
Ranar nan ma ba mu yi ba,
ya dai sake auna ƙofar, sau biyu.

Jiya aka zuba sabon daɓe mai kaushi.
Da asuba mai gadi ya kira ni:
wata kyanwa ta ratsa ɗanyen siminti
daga ƙofa har ɗakin fiɗa,
sawu uku-uku, na huɗun jan ƙasa.
Gurguwa ce.

Magini ya ɗauko cokali zai shafe.
Na ce, "Bari, Malam Ɗantsoho.
Ta riga manyan baƙi yanke ƙyalle.
Nemo mini ita tukuna,
tana ƙarƙashin buhunan can, ina jin numfashinta."