Muryar Mai Toshe Ɗigo

Daƙiƙa arba'in kacal ta yi a tsohon shirin,
a kashi na sha tara, da kumbo ya tsage.
Jarumai na ihu, taurari na gudu ta taga,
sai ga ta daga ƙarƙashin daɓe, sufana a hannu,
baƙin mai a goshi, ta ce:
"Iska ta kusa ƙarewa, ku rage surutu."
Ta koma raminta.

Ko suna ba mu raɗa mata ba.
Amma shekara shida wasiƙu na sauka Suginami,
daga Sendai, daga Kochi, daga wani yaro a gadon asibiti:
Wace ce ita? A ina take kwana?
Har kamfani ya jiyo ƙanshin kuɗi,
ya ce a saro reshe daga uwar bishiya a dasa.

Mu huɗu aka zuba a ɗaki, saman shagon wanki,
inda jirgin ƙasa ke kaɗa kofunan shayi duk minti bakwai.
Darakta Hoshikawa na son yaƙi,
bindigar haske, da sarki mai ido tara.
Na ce a'a, wannan mai toshe ɗigo ce,
labarinta ɗis, ɗis yake zuwa tsakanin duniyoyi.
Muka ja daga har damina ta ɗauke.
Sau goma sha ɗaya na yaga kashin farko.
Mibu ta zana hannunta ya fi sau ɗari,
wai fuska na ƙarya, hannu ne ke tona shekaru.
Muka sa mata Tsugumi,
muka ba ta bashi, da ciwon gwiwa,
da albasa a gwangwani bayan injin,
da ƙane a wata duniyar da ba ya ɗaga waya.

Saura murya.
Wadda ta fara furta kalaman nan ta rasu,
tokarta na cikin tulu a Nagano.
Mata sittin da uku suka shiga ɗakin gilashi,
wata zaƙi kamar rake, wata kamar ƙararrawa,
wata har da hawayen gaske.
Duk sun iya. Iyawar ce ta yi yawa.
Ba wadda ta taɓa kwanciya ƙarƙashin abu mai nauyi.

Daren wata Talata na sauka cin taliya
a rumfar da ke ƙarƙashin gada.
Wasu 'yan kwat sun sha sun yi tatul, suna musu.
Tsohuwa ba ta ɗago daga tukunya ba, ta ce:
"Romo na hucewa, ku rage surutu."
Tsinken ci ya suɓuce daga hannuna.

Kuramochi Fusae, shekara saba'in da ɗaya.
Sau uku ta ƙi mu.
"Wa zai tsare mini wuta?"
Ranar Laraba Hoshikawa ya naɗe hannun riga,
mai son sarki mai ido tara ya tsaya yankan albasa,
ita kuma ta hau bene da takalmin roba.

Hoton bai ƙarasu ba, zanen fensir ne ke motsi.
Na miƙa mata shafin da na fi alfahari da shi,
layi ashirin kan kaɗaicin taurari,
na kwana tara ina goge shi.
Ta karanta, ta cire tabarau, ta dube ni ta gilashi.
"Ɗana, mai aiki a hannu ba ya zance haka."
Ta matsa kusa da makirufo, ta yi tari,
ta ce: "Miƙo min sufana."

Mibu ta sa hannu ta toshe baki.
Mai ɗaukar sauti ya manta bai tsayar da na'ura ba.
Jirgin ƙasa ya wuce, kofuna suka yi rawa.
Na ninke shafina huɗu,
na tura shi ƙarƙashin ƙafar teburin da ke gurgunta.
Yana nan har yau.