Saura Sati Biyu

A Akureyri rana ta yi rowa,
tun kafin ƙarfe huɗu ta naɗe tabarmarta.
Sunneva ta tsinci kundin sababbin littattafai a bakin ƙofa,
ƙanƙara na narkewa a kansa.

Uku ta zagaye da jan biro:
na yarinyar da ta daina ninkaya,
na tagwayen da ke gaba da juna,
na ukun, bangonsa kawai ya tafi da ita.

"Ai ba su fito ba," in ji kaka Arnheidur,
idonta na kan saƙa.

Ta sani.
Amma kafin shayi ya huce
har ta raɗa wa mai ninkayar suna,
ta yi mata tabo a gwiwa.

Allah sa kada marubucin ya ƙaryata ta.