Bayan Kafet

Ruwa ya shigo Gamkale daren Laraba,
bai yi sallama ba.
Kwana biyu ya yi a falonmu,
ya bar wa bango layin laka
daidai inda kan Habsu yake kaiwa.

Da ya janye, mu huɗu muka ciccibi kafet ɗin
kamar saniyar da ta faɗa rijiya.
Muka shanya shi bisa katanga,
rana ta yi ta dukansa.

Ta fuska ba ka ce wani abu ya same shi ba.
Jan yana nan, furannin gefe suna nan,
har ƙunar dutsen guga
da na yi ina ƴar sha biyu,
wadda Baba ya rufa mini asiri
ya jawo tebur ya ɗora a kai.

Sai da na zo naɗewa.
Baya ya ƙi bin gaba.
Na ja kusurwa guda, ya taso
kamar ana feɗe tunkiya,
wani farin gari na zuba daga tsakani
har ya cika mini tafin hannu.

Ilyasu mai gyaran kujeru ya zo da gwangwanin gam.
Ya durƙusa, ya murza garin, ya sunsuna,
bai ko buɗe gwangwanin ba.
Ya ce, "Ai wannan ne ke riƙe su.
Ruwa ya jiƙa shi, rana ta ƙarasa.
In na manne nan, gobe can ya tashi,
ya yi tudu, Inna ta yi tuntuɓe."

Shekara ashirin da shida muna takawa.
A kansa aka yi sunan Habsu,
a kansa aka karɓi gaisuwar Baba.
Ban taɓa juya shi ba,
balle in san da wani abu a tsakiya.

Yayana ya kira daga Kwatano,
ya ce a zubar, zai aiko da jika hamsin.
Rabonsa da gidan nan
tun sadakar arba'in.

Na aro almakashi wajen tela,
na yanke wurin ƙunar, kamu biyu,
na haɗa fuska da baya
da basilla da zaren buhu.
Sauran, mai amalanke ya tafi da shi.

Yana nan bakin ƙofar ɗakina.
Ɗinkin ya karkace,
basilla ta huda ni sau uku.
Garin kuwa har yau ina sharo shi daga ƙarƙashin kujera,
ga hadari yana sake haɗuwa ta wajen Saga.