Tela a Bakin Tabkin Madarunfa

Likita ya ce, "Baba, ƙafarka ta kumbura,
jini ya hau, zama ne ya jawo.
Tashi ka riƙa takawa."
Na ce masa ai takawa nake kullum,
shekara talatin da huɗu ina taka keke
a rumfata ta bakin babbar kasuwa,
sai dai ban je ko'ina ba.

Ran Lahadi Rabe ya tada moto,
ya ce, "Kaka, riƙe ni da kyau."
Muka bar Maradi tana ciniki da kanta,
muka ratsa gonakin da aka girbe,
kara a tsaitsaye
kamar masu jiran ɗinki daren salla.

Sai ga tabkin.

Idon tela ba ya ganin abu bai auna ba.
Wannan shadda yadi nawa ce?
Wane mabugi ya kwana a kanta
har take ɗaukar ido haka?
Na shafa wuyana neman igiyar awo,
ashe na baro ta a kan ƙusa.

To, na taka.
Taku ɗari, na huta a gindin gawo.
Samari na fifita gawayin shayi,
wata uwa ta shimfiɗa tabarma
tana rabon ƙuli da yaji,
'yan lekol sun tuɓe takalma
suna bin juna cikin laka, malaminsu ya gaji da kira.
Zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya
ya fi ni haƙuri, ya fi ni lafiyar gwiwa.

Taku ɗari biyu da wani abu
na hangi kaftani a cikin kwalekwale.
Ya koɗe, ya sha rana, hannu ɗaya ya yage,
amma aljihun nan,
mai ɗan karkata hagu, mai zare ninki biyu,
ko a duhu aka ba ni zan ce nawa ne.

"Kai mai koma! Ba kai ne Tsahiru ba?"
Ya ɗago, ya dube ni, ya sunkuya.
Shekara tara da cikon jika biyu,
ya ce gobe, goben ta shige ruwa.
Ga ni ga shi,
ba ƙofar baya a tsakar tabki.

Ya yi dariya har haƙorin goro ya fito.
"Malam Ɗanjimo, kuɗi babu.
Ga jirgi dai, in kana shiga."

Ni da ko gulbi ban taɓa ratsawa ba
sai da rani, yana rairayi.
Rabe ya riƙe mini takalmi,
na shiga da bisimilla uku.

Nan na ga abin da ya ɗaure mini kai.
Hancin jirgi na tsaga ruwa
tsaf, kamar almakashina ran da aka wasa shi.
Na waiga in ga ɓarnar da muka yi:
babu.
Ya haɗe da kansa,
ba allura, ba zare, ba tabo.
Duk abin da na yanka a duniya
sai na sunkuya na biya shi da idona,
ga wani ƙyalle ana keta shi tun safe
bai riƙe kowa a zuci ba.

Da muka dawo gaɓa
Tsahiru ya zura igiya a bakin karfasa uku.
Na ce, "Bashi ya mutu.
Kawo rigar ran Laraba in kama maka hannun."

La'asar ta yi sanyi,
balbelu na komawa gida a jere
kamar farin aiki a wuyan riga.
Na manta inda na tsaya da ƙidaya.

Yau Litinin, ina rumfa,
laka ta bushe a gefen wandona,
Zuwera ta ce in kawo ta wanke,
na ce a bar shi tukuna.