Inda Fara Za Ta Kwana

A Iloilo, bayan kasuwar kifi,
akwai shago mai rufin kwano
da ke yoyo daidai ramin kusurwa.
Nan Mang Berting ya kafa tebur biyu,
ɗaya na ɗingishi, an tokare shi da marfin kwalba.

Ranar da na fara leƙawa, da ƙarnin kifi a hannuna,
na ɗau sanda kamar mai fasa kwakwa.
Na maka. Ƙwallaye suka watse,
fara ta tsallake tebur, ta gangara kwata.
Dattijon bai yi dariya ba,
yara ne suka yi masa.
Ya ce, "Luningning, ƙarfi na 'yan dako ne.
Je ki ɗauko ta, ki wanke."

Wata uku bai bar ni na nufi rami ba.
Kwalbar lemo ya kwantar a kan koren ƙyalle,
in zura sanda a bakinta, in zare,
kada ta taɓa gilashi.
Sau ɗari. In ta yi ƙara, a koma ɗaya.
Kafaɗa ta yi tsami,
alli ya rine min yatsu shuɗi
har mai sayen kifi ya tambaya ko ciwo ne.

"Wadda za ki jefa ba ita ce zancen ba,"
in ji shi, kofin gahawa na rawa a hannunsa.
"Ko makaho ya dace, ya jefa ɗaya.
Ina fara za ta kwana bayan nan?
Nema mata masauki tukuna."

Daren babbar gasa ba mu runtsa ba.
Can inda ake yi rana ce tsaka,
nan ƙarfe uku, kwale-kwale ba su dawo ba.
Mu ashirin gaban talabijin mai zanen ruwan sama,
direban keke, mai gasa ayaba, ɗan sanda da bai je aiki ba,
muna kallon Toto Magbanua, ɗan unguwar gada,
cikin falmaran da ta yi masa yawa.
Ya duƙa kan ta tara.
Fanka ma kamar ta ja numfashi.
Ƙwallon ta je bakin rami,
ta gaisa da leɓe biyu,
ta tsaya.

Shagon ya ɗauki salati irin nasu,
wani ya jefar da takalmi.
Mang Berting ya tsuguna da guntun alli
ya zana tebur a siminti:
"Ba nan ya faɗi ba.
Tun a ta shida ya bar fara ta zarce da faɗin yatsa.
Bashi ne, ta tara ta zo karɓa."

Na tafi kasuwa da wannan yatsan a kaina,
ina yanka kifi, ina auna kusurwa,
daga sikeli zuwa kwando, daga kwando zuwa ƙofa.

Asabar ɗin jiya na kara da Rustico mai ɗaurin jirgi,
peso hamsin a ƙarƙashin toka.
Huɗu da huɗu. Ta bakwai ta buɗe min baki,
irin tayin da a da nake rugawa.
Na duba, babu masauki bayanta.
Sai na shafa ta kawai,
na aika fara ta bi bango uku
ta laɓe bayan ta takwas kamar ƙadangaruwa.

Rustico ya sosa ƙeya, ya zagaya tebur sau biyu.
Ya ci wasan daga baya, ban musa ba,
hamsin ɗina ta tafi shan giya.
Amma dattijon da ke gyangyaɗi a kujera
ya buɗe ido ɗaya,
ya dubi inda fara ta tsaya,
ya mayar ya rufe.

Ruwa ya sauko.
Ni na jawo bokiti zuwa ramin kusurwa,
na kwantar da kwalba,
na fara daga ɗaya.